Kafin Baƙo Ya Kama Hanya

Tarbar baƙo dai mun iya ta, wannan ba abin musu ba ne. Aboki ya bugo waya ya ce yana tafe daga Legas ko Yamai ko Kumasi, tun bai kama hanya ba an share ɗaki, an canja shimfiɗa, an kama kaza. Ranar da ya sauka kowa zai ajiye abin da yake yi, a kawo ruwa, a dama fura, a yi ta "sannu da zuwa, ya hanya, ya ka baro mutan gida" har dare ya raba. Amma a duba yadda ranarsa ta ƙarshe take ƙarewa a yawancin gidajenmu na birni. Mai masauki ya yi sammakon fita wurin aiki, tunda ai an kwana biyu ana tare. Baƙo ya faɗa Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi neman tsaraba, ya biya wurin tela ya tarar ba a gama ɗinki ba, ya leƙa gidan gwaggon da bai samu ya gaisar ba, ya dawo bayan isha'i a gajiye ya hau ɗaurin kaya. Da asuba a tare masa a-daidaita-sahu a ƙofar gida, a yi musabaha a tsaitsaye, a ce "sai mun yi waya." Mutum biyu da suka shekara uku ko biyar ba su ga juna ba sun rabu ke nan, kuma a duk yinin ƙarshen ba su zauna wuri ɗaya na rabin sa'a ba.

A ganina mun kife al'amarin. Ranar ƙarshe ita ce mafi tsada a kwanakin ziyara, ita ce kuma muka fi yi wa sakaci. Abin da nake kira gare shi ba biki ba ne, ba kuma ƙarin kashe kuɗi ba. A kwashe hidimar kasuwa da ta gaishe-gaishe a mayar da su kwanakin tsakiya, a bar wa abokan nan yininsu na ƙarshe su zauna su faɗi abin da ya rage a bakinsu, sannan mai masauki ya taka wa baƙonsa da ƙafarsa har inda hali ya kai shi. Na san akwai masu ganin wannan sha'awa ce kawai ta masu begen zamanin da, kuma uzurorinsu ba na banza ba ne, zan zo kansu. Amma a fara da hujja.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta auna kowace sa'a daidai da 'yar'uwarta. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a 2002, ya nuna haka da wani gwaji mai sauƙi da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1993. Sun sa mutane sun tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi, digiri 14, na tsawon daƙiƙa 60. A wani karon suka sake tsoma hannu na daƙiƙa 60 a ruwa mai sanyi iri ɗaya, sai dai an ƙara musu daƙiƙa 30 ana ɗumama ruwan kaɗan-kaɗan har ya kai digiri 15. Da aka tambaye su wanne za su yarda su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi na biyun, alhali shi ya fi tsawo, kuma in an tara wahalarsa ta fi yawa. Abin da ya ja su shi ne ƙarshensa ya zo da sauƙi. Daga baya Kahneman da wani likita, Donald Redelmeier, suka ga irin haka ga marasa lafiyar da ake yi wa wani binciken hanji mai ciwo: tsawon lokacin da aka ɗauka bai cika shiga lissafinsu ba, abin da ya zauna musu shi ne lokacin da ciwon ya fi tsanani da kuma mintocin ƙarshe. Abin da wannan yake gaya wa mai masauki a fili yake. Kwana shida na kaji da hira ba za su ɓace ba, amma yinin rabuwa yana ɗaukar kaso mafi girma a cikin abin da baƙo zai tafi da shi a zuciya. In aka rabu cikin gaggawa da gajiya, ko da wani ɗan ɓacin rai kan maganar da ba a warware ba, shi ne zai riƙa fara faɗo masa duk sa'ad da aka ambaci sunan garin.

Wani zai ce ruwan sanyi daban, abota daban, kuma ya yi gaskiya. To akwai binciken da ya fi kusa da maganarmu. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York da abokan aikinta biyu sun fitar da sakamakon nazarinsu a 2019 kan yadda mutane suke rufe wani babi na rayuwarsu, kamar barin makaranta ko ƙarewar zama a wata ƙasa. Waɗanda suka ji cewa sun yi abin da ya kamata kafin rabuwa, sun yi sallama yadda ta dace, su ne suka fi samun natsuwa, nadamarsu ta fi ƙaranci, kuma sun fi saurin kama sabuwar rayuwar da suka shiga. Gaskiya ne irin waɗannan nazarce-nazarce an fi yin su a kan Turawa da Amurkawa, galibi ɗalibai, don haka ba zan jingina duk maganata a kansu ba. Abin da ya sa na ba su muhimmanci shi ne sun faɗo daidai kan abin da kakanninmu suka daɗe da ganewa, har suka mayar da shi al'ada mai ƙa'ida.

Bahaushe mutum ne matafiyi, kuma matafiyi ya fi kowa sanin rabuwa. Fataken goro da suke tashi daga Kano da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, suna ƙetare kogin Kwara su ratsa Borgu har su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, watanni suke yi a hanya, kuma ba duk wanda ya bi madugu ba ne yake dawowa. Wasu cuta ta ɗauke su, wasu mahara, wasu kuwa suka yi aure a zango suka zauna, jikokinsu ne a yau suke magana da Hausa a Kumasi da Accra. Masu niyyar aikin hajji kafin zuwan jirgin sama sun fi su doguwar tafiya: ta Borno, ta Wadai, ta Darfur, har bakin Bahar Maliya, ana tafiya ana tsayawa ana neman guzuri, shekaru na wucewa. Da yawa ba su wuce Sudan ba. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne na mutanen da suka yi sallama da gida sallamar da ba a sake ganin juna ba. A irin wannan rayuwa aka ƙera ladubban bankwananmu. Mai tafiya yana bin gida-gida yana sallama yana neman yafiya. Mai masauki yana haɗa masa guzuri. Ranar tashi ba a barinsa ya ɗauki kayansa da kansa, kuma ba a juyawa daga zaure, a taka masa har bayan unguwa, aminin gaske har ƙofar gari, shi yana cewa "rakiyar ta isa, ka koma haka nan," ana ce masa "bari dai mu kai wancan icen." Ba ɓata lokaci suke yi ba. Sun san maganar da ta ƙi fitowa a cikin taro sau da yawa a kan hanya take fitowa, lokacin da aka rage mutum biyu, ana tafe kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani.

Addini kuwa bai bar wannan a matsayin al'ada kurum ba. A cikin Musnad na Imamu Ahmad an ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya fita rakiyarsa yana tafe a ƙasa, Mu'azu yana bisa abin hawa, yana yi masa wasiyya, har ya sanar da shi cewa mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba bayan wannan shekarar. Mu'azu ya yi kuka, kuma haka ɗin ta kasance, bai dawo Madina ba sai bayan wafati. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Abubakar, yana Halifa, ya raka rundunar Usama ɗan Zaidu a ƙafa, Usama yana saurayi yana kan abin hawa, ya nemi ya sauka Halifa ya hana shi. A bakin Madina akwai wurin da aka sani da Saniyyatul Wada'i, inda mutanen gari suke kai matafiya su yi bankwana. Akwai kuma addu'ar da aka koyar a yi wa mai tafiya, wadda a cikinta ake damƙa wa Allah addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa. Ko hadisin nan na Buhari da Muslim da ya iyakance liyafar baƙo ga kwana uku ya ambaci wata kyautatawa ta musamman ta yini da dare, kuma malamai sun yi saɓani a kanta: wasu suka ce ranar saukarsa ake nufi, wasu suka ce guzurin da za a ba shi ne ranar tafiya, wanda zai ishe shi yini da dare a hanya. Ko wace fassara mutum ya ɗauka, ya ga dai tashin baƙo abu ne da manyan malamai suka zauna suka yi wa nazari.

Uzuri mafi ƙarfi da ake kawowa shi ne zamani ya canja. Fatake da alhazan ƙafa suna dogon bankwana ne don ba su da labarin juna sai bayan shekara; mu kuwa tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, balle da WhatsApp ya zo, aboki yana Jidda ko Landan kana ganin fuskarsa duk daren da ka so. Me za a yi da rakiya har bakin tasha ga mutumin da za ka ji muryarsa kafin motarsu ta kai Kwanar Dangora? Ba na raina waya, ta riƙe zumuncin da da can ya yanke. Amma abota tana da abincin da waya ba ta cika bayarwa ba. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya ƙiyasta a bincikensa na 2018 cewa mutum yana buƙatar kimanin sa'o'i 50 tare da wani kafin su wuce sanin ido, kimanin 90 kafin su zama abokai, fiye da 200 kafin su zama aminai, kuma ya lura cewa sa'o'in zaman hira da nishaɗi su ne suke ginawa, ba na aiki ba. Sam Roberts da Robin Dunbar kuma sun bi wasu ɗalibai a Ingila na tsawon wata 18 a daidai lokacin da suke barin sakandare suna warwatsuwa. Suka ga dangantaka da dangi ba ta cika yin sanyi ba ko an daɗe ba a haɗu ba, amma ta abokai tana dusashewa in ba a kula da ita. Abin da ya fi riƙe ta ga 'yan mata shi ne yawan magana, ga samari kuwa yin abu tare. Wannan ya ba masu uzurin waya rabin gaskiya, musamman a ɓangaren mata. Sauran rabin kuwa yana tare da karin maganarmu cewa zumunci a ƙafa yake. Abokin da ya biya kuɗin mota ya zo garinku ya kawo maka abin da ya fi ƙaranci tsakaninku, wato zama wuri ɗaya. Yinin ƙarshe a ziyarar mako guda kashi ɗaya ne cikin bakwai na wannan zaman, kuma mai yiwuwa shi ke nan sai bayan wasu shekaru. Miƙa shi ga kasuwa asara ce ko da akwai waya a aljihu.

Sannan wa ya ce tafiya ta daina raba mutane? Shekarun nan kaɗai sun isa darasi. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Ana cikin haka annobar korona ta zo, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka tsayar da jirage, har hajjin 2020 ba a je daga waje ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, 'yan'uwa tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Illela da Ƙonni, masu 'yar gajeriyar tafiya tsakani, suka koma sai dai a ji murya, har zuwa Maris na 2024. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai da ɗalibai da yawa da suka yi zaton hutu mai zuwa za su sake haɗuwa. Ga kuma hanya ita kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce a kan gaba. Wanda ya san halin da wasu manyan hanyoyin Arewa suka shiga na masu garkuwa da mutane ba ya buƙatar a tuna masa dalilin da ya sa "Allah ya kiyaye hanya" take fitowa daga ƙasan zuciya. Ba don a tsorata kowa na kawo waɗannan ba. Na kawo su ne don a ga cewa "sai wani zuwan" alkawari ne da cikarsa ba a hannunmu take ba, yau kamar jiya.

Uzuri na biyu shi ne aiki da tsadar rayuwa, kuma shi na fi tausaya wa. Ma'aikacin da yake sa hannu ƙarfe takwas, ko ɗan kasuwar da in ya rufe shago yini guda gida zai ji a jika, ba za a ce masa ya zauna hira tun safe har dare ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ma, kai baƙo tashar Unguwa Uku ko ta Kawo ka dawo lissafi ne. Amsata ita ce ba ƙarin lokaci ake nema ba, sauya masa wuri ake nema. Yawancinmu muna zuba duk ƙarfinmu a ranar farko da ta biyu: a nan ake ɗaukar hutu, a nan ake yanka, a nan ake zagaya gari. Kafin ranar tafiya aljihu ya huce, jiki ya gaji, uzurin da aka ɗauka a wurin aiki ya ƙare. In mutum yini ɗaya kawai zai iya samu, ya fi kyau ya ajiye shi don ƙarshe. Baƙon da ya sauka a gajiye ba abin da yake so kamar wanka da abinci da barci. Hirar da take da nauyi ba ta nuna sai an kwana biyu an gama labarin wane ya yi aure, wane ya rasu. Kuma abin da ya fi dacewa da yinin ƙarshe ba ya cin kuɗi. A hau Dala da la'asar a kalli gari, ko a zaga tsohuwar unguwar da aka tashi, ko a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a sa shayi. In ko wannan bai samu ba, daren ƙarshe daga isha'i zuwa lokacin barci ya isa, muddin an gama ɗaurin kaya tun da rana kuma an ajiye wayoyi gefe.

Tsaraba fa? Ba na cikin masu ganin ta a matsayin ɗawainiyar banza. Kilishi da turare da 'yar atamfa da baƙo zai kai gida haƙƙin waɗanda suka yi haƙurin rashinsa ne, kuma ta hanyarsu ne iyalinsa suke shiga cikin abotar. Matsalar ranar da ake sayen ta ce kawai. Atamfa ba ta lalacewa in an saye ta ranar Talata don tafiyar Asabar, kilishi ma haka. Gaishe-gaishen dangi da surukai su ma a raba su cikin kwanakin tsakiya, a bar wa ranar ƙarshe sallamar iyaye da dattawan da ba a tsallakewa.

Akwai wani uzurin da ba a cika faɗa ba, amma shi ne a ƙarƙashin sauran: kunya. Mu mutane ne masu kara da kawaici. Namiji ya dubi amininsa ya ce "na ji daɗin zamana da kai, ka yi mini rana a lokacin da ba ni da kowa," wannan yana yi mana nauyi a baki, don haka gaggawar ranar ƙarshe takan zame mana mafaka. Kunya ado ce, ba na neman a yar da ita. Sai dai mukan yi kuskuren auna yadda maganar za ta sauka. Amit Kumar da Nicholas Epley na Jami'ar Chicago sun sa mutane sun rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi musu alheri, suka kuma tambaye su yadda suke zaton zai ji. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna masu rubutun sun zaci abin zai zo da nauyi da jin kunya fiye da yadda ya zo, kuma sun raina irin farin cikin da masu karɓa suka yi. Mu kuwa al'ada ta riga ta sauƙaƙa mana, ta ba mu kalmomin da kunya ba ta hana faɗa. "Mu yafi juna." "In na yi maka wani abu a zaman nan, ka yafe mini." "Allah ya bar zumunci." "Allah ya saka da alheri, an sha ɗawainiya." Wanda ya faɗi waɗannan a zaune, a natse, yana nufinsu, ya faɗi duk abin da ake buƙata. Amma suna son wuri. Ba a neman yafiya ta gaskiya ta tagar mota, ɗan kamasho yana buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. A wannan zaman ne kuma ya kamata a taɓo abubuwan da suke kashe abota a ɓoye: bashin da aka yi shiru a kansa, amanar fili ko kaya da aka bar wa wani, maganar da wani ya kai wa wani. Tela in ya kai ƙarshen ɗinki yakan ƙulle zaren, don ya san in bai ƙulle ba ɗinkin zai warware daga nan ya bi baya.

Wasu kuma suna cewa dogon bankwana tsawaita baƙin ciki ne, har akwai masu jin kamar neman yafiya da yawan addu'a fatan rabuwa ce ta har abada. Ga na biyun, labarin Mu'azu ya isa amsa. Ambaton cewa rai a hannun Allah yake bai taɓa rage wa kowa kwana ba. Ga na farkon kuwa, gaskiya ne akwai ɗaci a yinin ƙarshe, kuma mutane sun bambanta wajen ɗaukarsa. Wanda ya san zuciyarsa ba ta jure tsayuwa a tasha, ba laifi ya yi sallamarsa a gida. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a guje wa zaman gaba ɗaya don gudun ɗacin. Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka. Ɗacin nan shaidar sabon ne, kuma wanda ya ƙi ɗanɗana shi yau yakan same shi daga baya ya zama nadama, wadda ta fi shi daɗewa.

Ba zan wuce ba tare da na ambaci waɗanda nauyin wannan rana ya fi sauka a kansu ba. A gidaje da yawa, yayin da maigida da abokinsa suke zaure, uwargida tana madafa tun safe tana dakan dambun nama, tana suyar cincin da dubulan na guzuri. In baƙuwar tata ce, ƙawarta ta ƙuruciya da aure ya kai Jos ko Damagaram, abin ya fi ciwo: yinin da ya kamata su zauna su yi hirar da suka shekara suna tarawa, shi ne take ƙarewa a bakin murhu don kada ƙawar ta tafi hannu sake. Rakiyar mace kuma sau da yawa a soro take tsayawa, don haka ba ta da hirar hanya da maza suke samu. Abin da ba a faɗa a tsakar gida ba ya tafi ke nan. Maigidan da ya fahimci wannan zai sa a yi guzurin tun jajibiri, ko a sayo, a ɗauke wa matarsa girkin ranar da hidimar yara, in da hali kuma ya kai su tasha tare. Karamcin da ake yi wa baƙo bai kamata ya hana mai gidan ganin baƙon ba.

Rakiya ita kanta ba ta da awo ɗaya. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano mai rakiya iyakarsa ƙofar shiga, don haka sallamar gaske a gida ko a mota za a yi ta. A tashar mota kuwa akwai sarari, domin jiran mota ta cika yakan ɗauki sa'a guda ko fiye, kuma wannan jiran da matafiyi shi kaɗai yake ƙosawa da shi, ga abokai biyu kyauta ce. Mai masauki ya taya shi cinikin kuɗin kaya, ya duba lafiyar tayoyin motar da idon ɗan gari, ya karɓi lambarta, ya saya masa ruwa, ya tsaya har ta tashi. Wanda ba shi da halin zuwa tasha ya taka har bakin titi, ya tsaya har abin hawa ya ɓace masa. A tafi da yara in ana iyawa, domin ba a koyon wannan a makaranta. Yaron da ya riƙe ledar baƙon babansa har bakin hanya ya ji ana "a gaida gida, Allah ya sauke ka lafiya," shi ne zai yi wa nasa baƙon haka.

Shi ma baƙo yana da nasa rabon aikin, kuma in bai yi ba duk shirin mai masauki a banza yake. Ya faɗi ranar tafiyarsa tun da wuri, kada ya bari sai da daddare ya ce "gobe fa zan koma," domin wannan shi ne yake haifar da gaggawar da muke kuka da ita. Hadisin da ya ba shi kwana uku ya kuma hana shi zama har ya ƙuntata wa mai gida, don haka "ƙara ko kwana ɗaya mana" da za a ce masa ya karɓe ta da godiya, ya auna da hankalinsa. Ya gama kasuwarsa da wuri. Ya ƙi karɓar gayyatar wasu a yinin ƙarshe, ya bar shi ga gidan da ya ɗauki nauyinsa. Ya nemi uwargida ya yi mata godiya da bakinsa, ya sallami yara da ɗan abin da ya samu. In kuma mai masauki ya sunkuya ya ɗauki jakarsa ya ce zai taka masa, ya yi kawaicin da aka saba sau ɗaya, sannan ya bar shi ya ɗauka.